Alhaji Umaru na Salaga da Muryar da Takarda Ba Ta Ɗauka

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci harshe, ya halicci kunnen da zai saurare shi, ya ba kowace halitta irin muryarta, tun daga tsawa har kukan kurciya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka kafa wa Hassanu ɗan Sabitu mumbari a cikin masallacinsa domin ya hau ya yi waƙa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har ranar sakamako. Bayan haka:

Ina yaro a Hausa Zango ta nan Tamale, akwai wani tsoho abokin kakana da yakan zo zaurenmu bayan sallar isha'i, musamman da sanyi, lokacin da hazo ke rufe gari mutane su takure a ɗaki. Yana zuwa da gafaka a rataye. In an shimfiɗa masa buzu ya zauna, sai ya kwance igiyar fata, ya zaro waɗansu warƙoƙi da suka yi ja don tsufa, baƙin da baƙar tawada, wasullan da ja, gefensu duk gara ta yi masa gibi. Yakan kusantar da takardar ga fitilar ƙwai kamar mai karatu, alhali yana ta riga ta rufe masa ido, abin da ke bakinsa daga ka yake fitowa. Sai ya gyara murya ya fara rerawa, yana ɗan rangaji, tafin hannunsa na sauka a gwiwa daidai inda ɗango ya ƙare. Da ya iso wurin da ake jero sunayen garuruwan da Nasara suka ci, ɗaya bayan ɗaya, sai ka ji dattawa suna sauke numfashi, wani ya yi salati, wani ya sunkuyar da kai domin an ambaci garin ubansa.

Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, wannan waƙar wa ce?" Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata ta fito, ya ce, "Ta Alhaji Umaru ce, limamin Karaki, malamin malaminmu. Ka riƙe sunan, yaro."

Na riƙe sunan. Abin da ban riƙe ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Sunansa Umaru ɗan Abubakar ɗan Usmanu. Asalin gidansu Kabi, aka haife shi a Kano wajen shekarar 1858, shi ya sa a ƙarshen rubuce-rubucensa ake ganin nasabarsa ta Bakabe kuma Bakano. A Kano ya sauke Alƙur'ani, ya kuma zaga ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi yana neman ilimi. Mahaifinsa falke ne mai fataucin goro, saboda haka tun yana saurayi ya san hanyar Gwanja da ƙafarsa: ayarin jakuna, madugu a kan gaba wajen shawara, jagaba mai duba hanya, kuɗin fito a bakin Kwara, zango bayan zango ta Bargu da Gurma har a sauka Salaga. Tafiya ce ta watanni. Wanda ya yi ta yana ɗauke da littattafai a mangala, ya ga duniya ya kuma ga littafi, kuma waɗannan idanu biyu suna nan a duk abin da ya rubuta.

Salaga ta wancan zamani ita ce bakin kasuwar goro. Goron kurmin Asante yana hawowa, kanwa da tufafin Kano da fatu da shanu suna gangarowa, a haɗu a garin da ake wa kirari da yawan rijiyoyi. Akwai kuma abin da bai kamata mai tsoron Allah ya ɓoye ba: a wannan kasuwa ana sayar da 'ya'yan Adamu, kuma har yau wanda ya je Salaga za a nuna masa rijiyoyin da ake wanke bayi kafin a kai su gaban mai saye. Arzikin garin da malamansa a kan wannan ƙasa suka tsaya, Allah ya yafe wa magabata, ya ji ƙan waɗanda aka zalunta. A 1877, bai kai shekara ashirin da haihuwa sosai ba, Umaru ya wallafa littafinsa na koyar da rubuta wasiƙa, al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Dubi abin da saurayi ya fara da shi. Ya lura fatake da sarakuna na bukatar takarda mai tsari, wadda za ta yi tafiyar wata uku ta isa ba a juya maganarta ba, sai ya tsara musu yadda ake buɗewa, yadda ake gaida na sama da na ƙasa, yadda ake neman bashi ko a yi ta'aziyya. Ilimi ne da ya sauko kasuwa ya zauna a kan huhun goro.

A 1892 rikicin sarautar Kpembe ya tashi tsakanin gidajen sarautar Gwanja, yaƙi ya ci Salaga, aka ƙone, aka washe, jama'ar zango suka watse. Da ma kasuwar ta fara rauni tun 1874, sa'ad da Ingilishi suka karya Kumasi hanyar goro ta rikice. Umaru na cikin waɗanda suka fita. Bayan 'yan shekaru ya zauna a Kete, zangon Musulmi da ke gefen Karaki a bakin kogin Bolta, wanda a lokacin yake hannun Jamus. Nan ya zama limami, nan ya kafa makaranta, nan ɗalibai suka riƙa zuwa masa daga Kumasi da Yendi da sauran zangogi. Ya tafi aikin hajji a 1913, bai komo ba sai wajen 1918, ya rasu a Kete a 1934. Garin da ya zauna ɗin yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse kogi a Akosombo a shekarun 1960 tafki ya haɗiye tsohuwar Kete, aka tashi mutane zuwa tudu.

Wannan shi ne jikin tarihin. Ransa kuwa yana cikin waƙoƙi.

Ya yi waƙa da Larabci, ya yi da Hausa a rubutun ajami. Ya yi Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan a kan faɗuwar Salaga da lalacewar hali da ya gani ita ce ta jawo ta. A kan zuwan Turawa ya yi Mashra'u Ma'il Khabar a 1899, ya bi ta da Nazmul La'ali, sa'an nan ya yi Waƙar Nasara da Hausa wajen 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi. Waɗannan su ne dattawan zaurenmu ke saurara da jikin da ya yi sanyi. Abin da ya fi kama ni a cikinsu shi ne yadda ya tsaya ya faɗi yadda abin ya zo: baƙi da suka sauka da taushin baki, suka ce ciniki ya kawo su, aka ba su masauki, kafin a farga sun kafa tuta. Bai yi wa mutanensa ƙarya ba, bai ce musu laya za ta tare igwa ba. Da wani mai wa'azi ya ɓullo a wannan yanki wajen 1904 yana ruɗin jama'a da da'awar Mahadi, Alhaji Umaru ya yi waƙa ya tone shi.

A nan akwai wurin da masu nazari kan tsaya su yi gardama. Mutumin da ya yi wa Nasara waɗannan waƙoƙi masu ɗaci shi ne kuma ya zauna da su ya koyar da su. A Salaga ya san Bajamushen nan Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. A Kete ya yi shekaru yana rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich labarun ƙasar Hausa, tarihin garuruwa, sana'o'i, aure da suna da jana'iza, noma da rini da ƙira, Mischlich ya buga su a Balin, shi ne kuma mai ƙamus na Hausa da ya fito a 1906. Daga baya Baturen Ingila R. S. Rattray ya yi karatu a gabansa. Waɗansu na ganin wannan baki biyu ne. Ni dai ban ga haka ba. Malami ne da ya gane takobi ya karye, abin da ya rage a hannunsa alƙalami ne, kuma wanda ya zo ya durƙusa yana tambaya, ko wane ne shi, an fi shi a wannan zama. Da bai rubuta ba, da abubuwa da yawa na rayuwar Kano da Kabi kafin Turawa sun bi iska.

Waƙarsa ta Talauci da Wadata kuwa, duk wanda ya taɓa kwana da yunwa a garin da ba nasa ba zai ji kamar da shi ake. Ya bi matalauci tun daga rigarsa har wurin zamansa a taro, yadda in ya yi magana ba a juyowa, in ya faɗi gaskiya a ƙaryata shi, danginsa su yi kamar ba su san shi ba, sa'an nan ya juya ga mai dukiya da yadda ake dariyar abin da bai kai a yi dariya ba don shi ya faɗa. Ɗan falke ne ke magana, wanda ya ga yadda ake karɓar baƙo mai jakuna hamsin da yadda ake karɓar ɗan alaro. Kuma da annobar mura ta 1918 ta shigo ta bakin teku a jiragen ruwa ta hauro arewa tana kwasar rayuka, ya yi mata waƙa da sunan da jama'a suka sa mata, Tunkuyau, yana siffanta yadda take kama mutum, yana kai kuka ga Mai warkarwa. A ƙarshen rayuwarsa ya yi marsiyyar ɗansa Alhaji Labbu, wanda ya riga shi tafiya.

Aikin da na fi jinjina masa a kai shi ne juya waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa, wanda Rattray ya buga wani yanki nasa a 1934. Wanda ya yi karatun zaure ya san Shu'ara, waƙoƙin mawaƙa shida na jahiliyya, da yadda ake wahala a kansu kalma kalma don a ƙoshi da lugga a fahimci Alƙur'ani. Limami mai rawani ya ɗauki kufan masoya da dokin farauta da daren hamada ya zuba su a harshen masu saida goro. Wannan yana nuna bai ɗauki Hausa a matsayin baiwar Larabci ba. Ya amince tana da ƙashin da za ta ɗauki wannan kaya, ta kuwa ɗauka.

To, ga inda zancena ya dosa. Waɗannan waƙoƙi ba a yi su don a karanta a zuci ba. Waƙar malamai tana tsaye a kan ma'aunin aruli, ilimin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara, wanda aka ce sarar gudumar maƙeran tagulla a kasuwa ce ta fara buɗe masa shi. Ya fitar da bahari goma sha biyar, Ahfashu ya ƙara na sha shida. Hausa ta yi sa'a tana da gaɓa doguwa da gajera kamar Larabci, shi ya sa Basiɗi da Kamil da Wafir suka zauna mata daram tun zamanin Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu da Nana Asma'u. Amma bahari ƙashi ne kawai. A kansa akwai karin murya, inda ake ɗagawa, inda ake ja, inda ake saukewa a kan amsa-amo har mai sauraro ya san ta iso kafin ta iso. Takarda tana riƙe baƙi da wasali, aruli yana riƙe ma'auni, karin murya kuwa ba shi da ma'aji sai maƙogwaro. Daga bakin malami yake faɗawa kunnen almajiri. In sarƙar ta tsinke a ƙarni guda, shi ke nan, ko an tara takardun duniya.

Abin da ya farkar da ni ga girman wannan asara daga nesa ya zo. Wani ɗan ƙanwata da ya yi karatun likita a Rasha ya zo gaishe ni, muna hira ya kunna mini wani kiɗa a wayarsa ya ce, "Kawu, saurari wannan, labarin Dare Dubu da Ɗaya ne." Na kasa kunne. Ga taron kayan busa masu nauyi kamar sarki ya yi tsawa, can sai wata 'yar siririyar murya ta goge irin nasu ta taso ita kaɗai, tana lanƙwasa, tana jan zance, kamar mace mai tsawaita labari don ta ga wayewar gari. Ya ce wannan ita ce Shaharzadu. Mai kiɗan sunansa Nikolai Rimski-Korsakof, an haife shi a garin Tikhvin a 1844, ya rasu a 1908, wato zamaninsu ɗaya da Alhaji Umaru ko da yake ba wanda ya san da wani. Hafsan sojan ruwa ne da fari, ya yi kusan shekara uku a teku, daga baya a 1871 aka ba shi koyarwa a babbar makarantar kiɗa ta birnin Fitasbag. Ya tsara Shaharzadu a 1888. Shekara ashirin kafin nan, a 1868, ya tsara wani da sunan Antar, wato Antara ɗan Shaddadu, ɗaya daga cikin shidan nan na Shu'ara da muke haddacewa a zaure. Mutum biyu, ɗaya a ƙasar ƙanƙara ɗaya a bakin Bolta, kowa ya miƙa guga a rijiyar Larabawan jahiliyya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani aiki nasa da ba a cika ambata ba. A shekarun 1870, daidai lokacin da Umaru ke tsara littafin wasiƙu, wannan Barashe ya zauna ya tattara waƙoƙin gargajiya ɗari na ƙauyukan ƙasarsu, ya rubuta karin kowace da alamomin da suke rubuta sauti da su, yadda wanda bai taɓa jin ta ba zai duba takarda ya rera ta daidai. Da abokansa Musorgski da Borodin suka mutu suka bar ayyuka ba a kammala ba, ya ajiye nasa ya ɗauki nasu ya ƙarasa. Ba Musulmi ba ne, kuma ba ina miƙa shi a matsayin abin koyi a addini ba. Amma riƙon amanar abin da magabata suka bari hali ne da mu aka fi umarta da shi, kuma in ka gan shi a hannun wani sai ka ji kunya ta kama ka.

Na san mai karatu zai ce, ina ruwan malami da kiɗa? Saɓanin malamai a kan kayan kiɗa tsoho ne. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro da sharuɗɗansa, Shehu Usmanu kuma ya tsananta a kan kiɗe-kiɗen fada da na sharholiya, kowa da hujjarsa, ni kuwa ban kai in raba wannan gardama ba. Abin da nake kira a kai bai shiga cikinta ba ko kaɗan. Muryar mutum ce tsura, ba ganga ba goge, tana ɗauke da wa'azi da tarihi da marsiyya. Da ita Nana Asma'u ta aika jajis ƙauye ƙauye suna koyar da mata. Da ita kuma Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya a nan Tamale ya rasu a 2004, ya yi wa'azi da Dagwambanci a rubutun ajami, almajiransa na rera waƙoƙinsa har gobe. Ɓangarorin da ba sa ga maciji a kan mas'aloli da dama duk sun haɗu a kan rera waƙar ilimi.

Takardun Alhaji Umaru, alhamdu lillahi, an tsirar da da yawa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi zangogi tana aro littattafan malamai tana ɗaukar hotonsu tana mayarwa, Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo na cikin masu wannan wahala. Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a Amurka a 1973 a kan bayanin da Alhaji ya yi na ƙasar Hausa, Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso ya shafe shekaru a kan waƙoƙinsa da zubensa. Allah ya saka wa kowa gwargwadon niyyarsa. Sai dai duk wannan aikin ido ne. Aikin kunne namu ne, mu 'yan zango, don a gidajenmu muryar take, kuma mu ne muka yi sakaci. Maƙwabtanmu Dagwamba sun fi mu a nan. Makaɗansu na lunsi suna ɗora yaro a kan kalangu tun yana ƙarami, ya haddace jerin sarakuna tun daga Na Gbewa, in dare ya yi a ƙofar fada a kwana ana zuba tarihi, ba takarda ko ɗaya. Mu da muke taƙama da alƙalami sai muka dogara gare shi har muka saki abin da ba ya iya ɗauka. Yaranmu a unguwannin Aboabo da Sabonjida suna jin Hausa, amma ajami ya zama musu baƙo, kuma ka tambayi goma a cikinsu wane ne limamin Karaki, da wuya biyu su amsa.

Tsohon nan na zaurenmu ya rayu har na zama saurayi na sayi rediyo mai kaset. Sau da yawa na yi niyyar in kai masa in ce ya rera in ɗauka, kullum sai in ce sai an sha ruwa, sai bayan bikin Damba, sai na dawo daga Kumasi. Ina Kumasi aka aiko mini ya cika. Gafakar tana nan wurin jikokinsa, sun ba ni na duba. Na iya karanta kowane baiti, na iya yanka shi a kan ma'auni, amma da na buɗe baki in rera sai na tarar ɗango biyu na farko kaɗai suka rage mini da muryarsa, sauran na bi su da karin Ishiriniya don shi kunnena ya saba da shi, kuma na san ba haka yake yi ba. Na rufe takardun na yi masa addu'a, na yi wa Alhaji Umaru, Allah ya haskaka kabarinsu.

Da azumin bana wani ɗalibina ɗan Salaga ya zo ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, akwai wata gwaggon babanmu a gida, ta haura tamanin, mahaifinta a Kete ya yi karatu. In tana tsinkar zogale takan yi wata waƙa mai sunayen garuruwa." Na tambaye shi ko tana da ƙarfin magana, ya ce da safe muryarta garau take, da yamma ne takan gaji. Na sa ya aika a nemi izininta da na 'ya'yanta, sun amsa. Na sayi goro ƙwarya ɗaya da turmin atamfa, yaron ya cika wayarsa da caji ya kuma aro ta biyu. Ranar Asabar in Allah ya kai mu, motar farko ta Salaga za mu bi, don mu same ta kafin rana ta take.